Ina Rubutunmu Yake Kwana?

Wannan makon za mu leƙa tarihin yadda kwamfuta take gane inda ta ajiye rubutunmu. Mu dai suna kawai muke raɗa wa fayil, ita kuwa dole ta san faifan da yake ciki da kuma gurbinsa.

A 1956 kamfanin IBM ya fitar da faifan ajiya na farko cikin na'urar RAMAC, mai ɗaukar haruffa kusan miliyan 5. A da, kwatance ake yi dalla-dalla: da'ira kaza, kan karatu kaza, yanki kaza. Daga baya aka koma jera wa gurabe lambobi tun daga sifili. Muddin faifai ɗaya ne, lamba ɗaya ta wadatar.

Sai aka fara haɗa faya-fayai su zama rumbu guda, musamman bayan 1988 da masu bincike uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka bayyana tsarin RAID. To, gurbi na 500 a wane faifan yake?

Tsarin ZFS, wanda kamfanin Sun ya saki a 2005, ya sa lambar faifan a cikin adireshin kansa. Nema ya yi sauƙi, amma zare faifai daga rumbu ya gagara, sai a 2018 da aka ƙirƙiro wani kundi mai nuna inda kayan suka koma.

Shi kuwa Btrfs, wanda Chris Mason ya fara a 2007 ya kuma shiga Linux a 2009, adireshinsa ba ya ambaton faifai. Taswira ce daban take cewa: daga lamba kaza zuwa kaza suna faifai na biyu, gurbi kaza. Idan faifai ya tsufa, sai a kwashe kayansa zuwa sabo, a gyara taswira, adireshin fayil bai motsa ba.

Sai dai ita ma taswirar da irin wannan adireshin ake nemo ta. Wa zai yi wa ɗan jagora jagora? Shi ya sa aka ajiye guntunta a tsayayyen wuri, kilobait 64 daga farkon faifai, da kwafi a can gaba.

Idan taswirar nan ta lalace, littafin da muka shekara muna rubutawa yana nan kwance a faifai, amma hanyar zuwa gare shi ta ɓace. Don haka kowa ya ajiye kwafin rubutunsa a wata na'ura daban. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.