Hasumiyar Fitila ta Jamestown da Hanyar Goro

'Yan uwa da ke zuwa Akra sayayya, yawancinmu a kasuwar Makola muke tsayawa mu juyo. Kaɗan ne suke ƙarasawa bakin teku, unguwar Jamestown, inda hasumiyar nan mai zanen ja da fari take. Tsayinta mita 28 ne. An gina ta a shekarun 1930 a madadin wata da Turawan Ingila suka kafa a 1871 don nuna wa jiragen ruwa gaɓa da dare.

Da na hau samanta, sai na hango kwale-kwalen masunta birjik, ga kuma tsohuwar ganuwar James Fort ta 1673, inda aka tsare bayi, daga baya aka mayar da ita gidan yari. Amma abin da ya kai ni shi ne goro.

Kakanninmu fatake da jakuna suke zuwa Gwanja, su yi watanni a hanya kafin su dawo Kano. Bayan Turawa sun ci Asante da yaƙi a 1874, sai kasuwar Salaga ta fara ja da baya, yaƙin basasar 1892 kuma ya watsa ta. Goro bai daina tafiya ba, hanya ya sauya. Aka koma kawo shi bakin teku a loda a jirgi zuwa Ikko, musamman da layin dogo ya isa Kano wajen 1912. Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka rungumi wannan hanya da wuri.

Kada a ɗauka da sauƙi. Akra ba ta da tasha mai zurfi, don haka jirgi can nesa yake tsayawa, a yi ta jigilar kaya da kwale-kwale cikin igiyar ruwa. Mai goro ya san abin da ruwan gishiri zai yi wa dukiyarsa in an kife. Duk wanda kayansa suka maƙale a Seme lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta a 2019 zai gane irin wannan zullumi.

Buɗe tashar Tema a 1962 ne ya kwashe manyan jiragen, ya bar wa masunta wurin. Ga mai niyyar hawa, matakalar a murɗe take kuma da matsi, gara a bar babbar riga a masauki.