Hular Harsashin Igwa: Shaidar Tagulla a Tarihin Shigowar Turawa

Kayan tarihin da gidajen sarauta suka saba adanawa sanannu ne: tambari, takobi, sulke, kwalkwali da lifidi. Kowane ɗaya yana da labarinsa a bakin dattawa da maroƙa. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu da ba a cika kulawa da shi ba, wanda akan tsinta a wuraren da aka taɓa harba igwa, ko cikin tarkacen maƙera, ko a akwatin tsohon soja. Dunƙulen tagulla ne mai tsini, bai wuce cikin tafin hannu ba, jikinsa da lambobi da haruffa. Shi ne hular harsashin igwa, wato abin da ake ɗaurawa a kan harsashi domin ya kunna albarushin da ke ciki. Masu tara tsofaffin kayan yaƙi a ƙasashen Turai sun daɗe suna nazarin waɗannan huluna, kuma iliminsu yana da amfani ga mutanen Dakoro, domin wannan tagulla tana ɗauke da shekararta a rubuce. Da ita ana iya auna labarin baka, a gane wanda ya tsaya da ƙafafunsa da wanda ya gauraya da wani.

Yadda igwa ta shigo ƙasar Hausa

Igwar Turawa ta shigo wannan yanki ta ƙofa biyu. A shekarar 1899 rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine ta ratso daga yamma da igwa ɗaya mai faɗin baki milimita 80. Ta ƙone Birnin Ƙwanni a watan Mayu, ta bi ta ƙasar Gobir, har zuwa Dankori kusa da Tasawa, inda aka kashe Kanar Klobb ranar 14 ga Yuli.

Ƙofa ta biyu ta kudu ce. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka ƙulla a 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ta bar Ƙwanni da Tsibiri da Maraɗi a ɓangaren Ingila bisa takarda, ƙasar Dakoro kuwa tana arewa da layin. Sai a 1904 aka gyara iyakar, aka kafa alamominta tsakanin 1906 da 1908. Cikin waɗannan shekaru ne sojojin Ingila suka ci daular Sakkwato. Ranar 3 ga Fabrairu 1903 Kanar Morland ya iso Kano da igwa huɗu masu faɗin baki milimita 75, ƙirar kamfanin Vickers-Maxim, irin wadda ake kwancewa gunduwa-gunduwa ƴan dako su ɗauka. Harsashinta na yau da kullum bai kai kilo 6 ba, saboda haka ganuwar Kano ta shanye harbin, sai da aka koma Ƙofar Kabuga kafin a samu shiga. Sarkin Kano Alu ba ya gari a ranar. Daga baya ya nufi arewa, aka kama shi a ƙasar Gobir, ya rasu a Lakwaja a 1926. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ranar 27 ga Yuli. A watan Maris na 1906 kuma aka rushe Satiru.

Sojojin Ingila sun kusanci Dakoro a farkon 1917. A watan Disamba na 1916 Kawusan ya kewaye barikin Faransawa a Agadas, yana da igwar da ya zo da ita daga Libiya. Faransawa suka nemi taimakon Ingila. Aka kawo musu sojoji ta jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya kai su Kano, suka wuce Damagaram, suka isa Agadas ranar 3 ga Maris 1917. A daidai wannan lokaci rundunonin Ingila biyu suka ƙetaro iyaka domin tsare bayan Faransawa: ɗaya daga Kano ta nufi Tasawa, ɗaya daga Sakkwato ta nufi Madawa. Ƙasar Dakoro tana tsakanin garuruwan nan biyu ta arewa.

Aikin hular harsashi

Harsashin igwa na wancan zamani iri biyu ne a galibi. Akwai wanda ke fashewa idan ya bugi abu, akwai kuma wanda ake cika cikinsa da ƙwayoyin darma domin ya fashe a sama ya watsa su kan mayaƙa. Na biyun yana buƙatar hula mai ƙidayar lokaci. A hular Ingila akwai zobe mai juyawa, cikinsa da siririyar hanyar albarushi. Maharbi yakan juya zoben zuwa lambar da ta dace da nisan abokan gaba. Da an harba, wuta ta kama, ta bi hanyar tana ci har ta isa cikin harsashi. Idan harsashin ya fashe, sau da yawa hular takan fice gaba ɗaya ta faɗi can gefe. Ƙarfen harsashi tsatsa ke cinye shi, tagulla kuwa ƙasa ba ta iya mata komai sai sauya launi. Dalilin da ya sa hula ke saura bayan shekara ɗari ke nan.

Yadda ake gane ta Ingila

Masana suna duba abubuwa biyar. Na farko alamar gwamnati, wadda ta yi kama da kan kibiya ko sawun kaza mai yatsu uku. Duk kayan da ke ɗauke da ita mallakar gwamnatin Ingila ne. Na biyu lambar samfuri, wadda akan biyo ta da lambar Rumawa mai nuna gyara na nawa ne aka yi wa samfurin. Na uku haruffan maƙera: RL na nufin ma'aikatar gwamnati da ke Woolwich, VSM kamfanin Vickers da Maxim ne, EOC kuwa ma'aikatar Elswick. Na huɗu wata da shekara, waɗanda akan buga a taƙaice, misali 6/16, wato Yuni 1916. Na biyar faɗin gindin da ake murɗawa cikin harsashi: tsofaffin huluna gindinsu siriri ne, wajen inci ɗaya, na baya kuwa inci biyu.

Lambar samfuri ita kanta kalanda ce. Samfuri mai lamba 80, wanda zobensa ke da ƙidaya har 22, ya shiga aiki a 1905. Fasahar kamfanin Krupp na Jamus ce, har ma bayan Yaƙin Duniya na Farko sai da Vickers ya biya Krupp kuɗin haƙƙinta, alhali a kan Jamusawa aka harba ta. Lamba 100 ta fito a 1915, lamba 106 ta yaɗu a 1917, lambobi 117 da 119 kuwa sun yi suna a Yaƙin Duniya na Biyu.

Ta Faransa dabam take. Awonta da milimita ne, ana kiranta da lambobi biyu kamar 22/31 ko 24/31, kuma takan ɗauki haruffa irin ECP na ma'aikatar Bourges. A maimakon zobe mai juyawa, tsohuwar hular Faransa mai ƙidayar lokaci tana da hanyar albarushi da aka naɗe kamar nadin rawani, maharbi ya huda ta a daidai lambar da yake so.

Abin da tagulla ke iya faɗa

Ga inda amfanin yake. Idan wani gida yana riƙe da hula, ana cewa kakansu ya tsinto ta ranar da aka ci Kano, amma jikinta ya nuna lamba 80, to labarin ya gauraya, domin a 1903 ba a fara amfani da wannan samfuri ba. Wataƙila kakan ya halarci Kano da gaske, hular kuwa ta shigo gidan daga baya ta wata hanya. Haka idan an jingina ta ga zamanin Voulet amma tana da kan kibiya, to ba tasa ba ce.

Sai dai shaidar tana da iyaka. Shekarar da aka buga tana nuna lokacin ƙira, ba ranar harbi ba, domin kayan yaƙi sukan daɗe a ajiye, musamman a barikokin nesa. Wurin da hula take a yau kuma ba lalle nan ta faɗi ba. Fatake da ƴan cin rani sun daɗe suna kai da komo tsakanin Gobir, Katsina da Kano, tagulla kuwa haja ce a wurin maƙera. Hausawan da suka yi wa Ingila soja a Kamaru, Afirka ta Gabas da Bama, da waɗanda suka yi wa Faransa a Turai, sun komo gida da abubuwan tunawa. Saboda haka tagulla tana iya gyara labari, amma dattijo ne kaɗai ya san hannun da ya kawo ta. Sai an haɗa su biyun tarihi ke cika.

Hattara

Hular da aka riga aka harba ma tana iya kasancewa da sauran rai, balle wadda ke manne da harsashinta. Tsufa ba ya kashe abin fashewa, sau da yawa ƙara masa saurin tashi yake yi. Bai kamata a kankare ta, ko a kwance ta, ko a kai ta maƙera a sa a wuta ba. Wanda ya ci karo da irinta a gona ko a wurin kiwo ya bar ta inda take, ya sa alama, ya hana yara zuwa, ya sanar da mai gari, shi kuma ya sanar da jandarma. Tun 1994 Nijar take da hukumar ƙasa mai kula da tattara haramtattun makamai. Lambobin da ke jikin abu ana iya karanta su da ido ko a hoto, ba sai an taɓa ba.

Idan masana suka tabbatar babu haɗari, abin da ya dace shi ne a rubuta wurin da aka same ta, da gidan da ya riƙe ta, da labarin da ke biye da ita, kafin dattawan da suka ji daga bakin iyayensu su ƙare. Gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai da Gidan Makama a Kano sun nuna yadda ake adana kayan da. Masarautar da ta cika shekara ɗari ita ta fi cancanta ta fara wannan aiki a ƙasarta, domin jikokin da za su yi bikin shekara ɗari biyu su tarar da kaya da labarinsu a wuri ɗaya.