Hatsarin Carnobil da Shirun da Ya Biyo Baya

Tashar nukiliya tana ba da wutar lantarki ta wurin fasa ƙwayoyin yuraniyom, irin ma'adinin da ake haƙa a Arlit ta ƙasar Nijar. Zafin da ke fitowa yakan tafasa ruwa, tururin kuwa ya juya injuna. Amma idan tukunyar ta fi ƙarfin masu lura da ita, sai ta saki guba wadda ido ba ya gani, hanci kuma ba ya ji. Mutum ba zai guje mata ba sai an faɗa masa.

Bisa ga ma'aunin hatsarin nukiliya na duniya, wanda ya tsaya a mataki na 7, hatsari biyu kaɗai suka kai ƙololuwa: na Carnobil a 1986 da na Fukushima a 2011. Na tsibirin Three Mile a Amurka, a 1979, ya tsaya a mataki na 5.

Carnobil tana cikin Yukiren, wadda a lokacin take ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Ran 26 ga Afrilu 1986, da ƙarfe 1:23 na dare, ma'aikata suna gwaji a tukunya ta 4, sai ta fashe. Akwai aibi a ƙirar tukunyar, gwajin kuma bai bi ƙa'ida ba. Mutum 2 suka mutu a ranar. Ma'aikata da masu kashe gobara 134 suka kamu da ciwon gubar, 28 daga cikinsu suka rasu cikin 'yan watanni.

Garin Pripyat, mai mutum wajen 49,000, yana kilomita 3 daga tashar. Da gari ya waye yara suka tafi makaranta kamar kullum, gama ba wanda ya gargaɗe su. Sai bayan sa'a 36 aka kawo motocin kwashe su. Aka ce su ɗauki kayan kwana uku. Ba su sāke zama a gidajen nan ba.

Duniya ba ta ji labarin daga Mosko ba tukuna. Ran 28 ga Afrilu na'urorin tashar Forsmark a Suwidin suka nuna gubar da iska ta kawo. A daren nan gwamnatin Sobiyet ta ba da gajeriyar sanarwa. Duk da haka aka yi maci na 1 ga Mayu a birnin Kiyef, har da yara. Shugaba Mikhail Gorbachev bai yi wa jama'a jawabi ba sai ran 14 ga Mayu.

Yara ne suka biya bashin wannan shiru. Gubar ta sauka a kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madarar. Ƙasar Folan ta yi hanzari ta raba wa yara maganin aidin, ta kuma hana madarar shanun kiwo. A ƙauyuka da yawa na Sobiyet ba a yi haka a kan kari ba. Zuwa 2005 an sami fiye da mutum 6,000 masu ciwon daji na maƙoshi cikin waɗanda suke yara a lokacin, a Belarus da Yukiren da Rasha.

A Japan kuwa, girgizar ƙasa da igiyar teku suka katse wutar sanyaya tukwanen Fukushima ran 11 ga Maris 2011, uku suka narke, aka kwashe mutum fiye da 150,000. Kwamitin majalisar ƙasar ya ce a 2012 laifin na mutane ne, domin tun 2008 kamfanin yana da lissafin da ya nuna igiya mai tsawon mita 15 tana iya zuwa, bai kuwa yi shiri ba.

A 2016 aka rufe tukunyar Carnobil da ƙatuwar rumfar ƙarfe wadda aka ƙera domin ta yi shekara 100. Pripyat har yau kufai ne. Fashewar ta auku cikin daƙiƙu, ba mai iya mayar da ita. Amma gargaɗi game da madara abu ne da hukuma take da ikon bayarwa tun ranar farko.