Daga Ja-gora zuwa Mai Kamfani: Matakan Ci Gaba a Sana'ar Yawon Buɗe Ido a Agadez da Yankari

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta yadda ma'aikaci ke hawa daga mataki zuwa mataki a harkar yawon buɗe ido a wurare biyu: Agadez ta Jamhuriyar Nijar da gandun dajin Yankari na Jihar Bauchi. Ta nuna cewa ɗorewar sana'ar ta ta'allaƙa ne ga irin baƙin da take dogaro da su.

Agadez

A shekarun 1980 Agadez ta zama zangon Turawa masu zuwa kallon duwatsun Azbin da hamadar Tenere, tseren motoci na Paris-Dakar kuma yana ratsa ta. Matashi kan fara da ɗora kaya da dafa shayi, ya koma kuku, ya kama tuƙin Land Cruiser, daga nan ya zama ja-gora. Jarinsa shi ne sanin inda rijiya take, da karanta sawu a kan rairayi, da iya sassauta iskar taya kafin mota ta kafe. Mano Dayak, wanda ya kafa kamfanin Temet Voyages, shi ne misalin wanda ya kai ƙololuwa. Filin jirgin saman garin yana ɗauke da sunansa, bayan rasuwarsa a haɗarin jirgi a 1995.

Sai dai duk wannan gini a kan baƙon waje kaɗai ya tsaya. Tawayen da ya ɓarke a yankin a 2007 da sace ma'aikatan kamfanonin Faransa a Arlit a 2010 sun kore masu ziyara. Ko shigar tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013 bai dawo da su ba. Direbobi da dama suka koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, sai wata doka ta 2015 ta haramta hakan, ba a kuma soke ta ba sai a Nuwamban 2023. Abin takaici, gwanin da ya san hamada ciki da bai ba shi da takardar da zai nuna a wani otal ko ofis.

Yankari

An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Hawa a nan yana da nawa, domin tsarin aikin gwamnati ne: mai gadin daji, shugaban sintiri, jami'in kula da dabbobi, ko mai karɓar baƙi a sansanin Wikki har zuwa manaja. Amma baƙinsa galibi 'yan gida ne, iyalai da ɗalibai masu zuwa ganin giwaye da wanka a ruwan ɗumin Wikki, musamman lokacin hutun Sallah da Kirsimeti. Gargaɗin tafiye-tafiye da ofisoshin jakadanci ke fitarwa ba ya hana irin waɗannan zuwa.

Giɓin da ya rage a sana'ar shi ne na takardar shaida. Cibiyar NIHOTOUR, mai reshe a Bagauda ta Jihar Kano, tana horar da ma'aikatan otal da na yawon buɗe ido. Ya kamata ita da takwarorinta na Nijar su buɗe hanyar jarraba ja-gororin da suka koyi aiki a fili, su ba su takardar shaida ba tare da sun mayar da su aji daga farko ba.