Tarihin nazarin sauyin ƙasa a Adar-Dutsi-Majiya

Adar-Dutsi-Majiya yanki ne na tuddai masu duwatsu da kwaruruka a jihar Tawa, Jamhuriyar Nijar, wanda ya haɗa gundumomin Keita, Buza da Madawa. Yana daga cikin wuraren Sahel da aka fi bin diddigin yadda ƙasarsu ta lalace, kuma ta farfaɗo.

Masana duwatsu ne suka fara karanta shi. Farar ƙasar Adar tana ɗauke da ɓawon halittun ruwa, shaidar cewa teku ya taɓa kwanciya a nan kimanin shekaru miliyan 60 da suka wuce. Jacques Greigert ya bayyana waɗannan shimfiɗu a 1966, kuma irin wannan dutse ne ake yin siminti da shi a Malbaza.

Muhawara kan tsirrai ta fi zafi. A 1935 Baturen Ingila E. P. Stebbing ya yi iƙirarin cewa Sahara na gangarowa kudu tana cin ƙasar Hausa. Kwamitin ma'aikatan daji na Ingila da Faransa ya bi iyakar Nijar da Najeriya a 1936 zuwa 1937, bai ga alamar hakan ba. Duk da haka zancen bai mutu ba. Farin 1973 da na 1984, wanda yunwarsa ta samu laƙabin El Buhari, sun sake hura masa wuta.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne awo. Da aka jera hotunan Keita da aka ɗauka daga sama, sai aka ga gangaren tuddai na da itatuwa a 1962, amma zuwa 1984 sun zama fako. Ba rairayin arewa ne ya rufe su ba. Fari da gatari da kiwo ne suka tsiraita ƙasa, ruwan sama ya daina shiga, sai ya kwarara yana yanka korama yana binne fadamu.

Don magance wannan matsala aka kafa aikin raya karkara na Keita a 1984, da kuɗin Italiya, ƙarƙashin kulawar hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO) da jagorancin Renato Carucci, hukumar samar da abinci ta duniya (PAM) kuma tana biyan ma'aikata da abinci. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, domin maza sun tafi ci-rani. Sun haƙa ramukan tare ruwa a gangare, sun jera duwatsu, an gina madatsu a koramu, an dasa itatuwa kusan miliyan 18. Daga baya aikin ya faɗaɗa zuwa Buza da Abalak. Binciken masanan Italiya ya nuna cewa tsakanin 1984 da 2002 filin da ke da itatuwa ya ninka fiye da sau uku, kodayake jama'a ma sun ƙaru sosai, gonaki suna matsar makiyaya.

A kwarin Majiya da ke Buza, iska ce matsalar. Tun 1975 ƙungiyar CARE ta fara dasa layukan dogon yaro bibbiyu, tazarar mita 100 tsakaninsu, kuma awon da aka wallafa a 1980 ya nuna hatsin da ke bayan layukan ya fi na fili da kusan kashi 23 cikin ɗari. A Madawa kuwa hankali ya fi karkata ga ruwan ƙarƙashin kwarin Tarka, wanda noman albasa ya dogara da shi.

A 2005 Stefanie Herrmann da abokan aikinta suka nazarci hotunan tauraron ɗan Adam na Sahel gaba ɗaya, suka gano cewa korewar da aka samu a jihohin Tawa da Maraɗi ta zarce abin da dawowar damina kaɗai za ta iya kawowa, kuma suka ambaci aikin Keita cikin dalilan da ake zato.