Halitta Daga Babu: Yadda Ikkilisiyar Farko Ta Tsai da Magana

Maginin tukwane ba ya aiki sai da yumɓu, maƙeri kuma sai da ƙarfe. To, Allah fa, da me ya yi duniya? Wannan tambaya ta sha kan Ikkilisiya a ƙarni na 2.

Masanan Helenawa sun riga sun ba da tasu amsa. Farmenides, a ƙarni na 5 kafin haihuwar Almasihu, ya koyar cewa abin da yake akwai ba zai taɓa fitowa daga babu ba. Daga baya Aflatun ya kwatanta mahalicci da gwanin ma'aikaci wanda ya tarar da kayan aiki a hargitse, ya shirya su.

Wani mai zane, Harmojinis, ya shigo da wannan tunani cikin Ikkilisiya. Nufinsa ya wanke Allah daga zargin mugunta, sai ya ce kayan halitta ba su da mafari, daga gare su ne mugunta ta fito. Wajen shekara ta 200, Tatuliyan na Kartaj ya mayar masa da martani: duk abin da ba shi da mafari ya zama daidai da Allah, alloli sun zama biyu ke nan. Kafin wannan, wajen shekara ta 180, Tiyofilas, bishop na Antakiya, ya nuna cewa in Allah ya dogara ga kayan da ya tarar, bai fi ɗan Adam mai sana'a ba.

Amma tambayar Harmojinis tana nan: daga ina mugunta? Agustin na Hippo (354–430), wanda ya yi shekara tara cikin addinin Mani mai koyar da madawwaman ikoki biyu, ya amsa cewa mugunta ba halitta ba ce. Lalacewar abu mai kyau ce, kamar ruɓa a jikin hatsi. A 1215, Majalisar Lateran ta 4 ta tabbatar da koyarwar halitta daga babu.

Ya ɗan'uwa ma'aikaci, ka karanta Ibraniyawa 11:3 da Romawa 4:17 da wannan tarihi a zuciyarka. Sa'ad da ɗan ikkilisiya ya zo maka da tsoron maita ko aljanu, ka tuna masa cewa Allah ba shi da kishiya tun fil'azal. Duk wani iko ban da nasa halitta ne, kuma rancen rayuwa yake ci.