Ƙwayoyin Garkuwar Ƙwaƙwalwa da Neman Maganin Ciwon Mantuwa: Matsalar Lokaci

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin aikin maikirogiliya, wato ƙwayoyin garkuwar ƙwaƙwalwa, a cutar Alzaima, wadda ke haddasa kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na ciwon mantuwa. Matsayarta ita ce amfanin waɗannan ƙwayoyi ko illarsu ya danganta da matakin da cutar ta kai.

Gabatarwa

Tun a 1919 masani ɗan Sifaniya, Río Hortega, ya fayyace siffar maikirogiliya. Amma an daɗe ana yi musu kallon masu shara kawai, masu kwashe matattun ƙwayoyi, hankalin masu bincike kuma ya karkata ga daskararren furotin amiloyid da ke taruwa tsakanin jijiyoyi. A 2013 ne lissafi ya sauya. Wasu bincike biyu, ɗaya daga Aisland, sun nuna cewa sauyin R47H a ƙwayar gado ta TREM2 yana ninka haɗarin kamuwa da cutar wajen sau uku. A cikin ƙwaƙwalwa kuwa, maikirogiliya ne masu amfani da TREM2. Ashe suna da hannu a tushen cutar.

Abin da aka gani a ɓeraye

Lafiyayyun maikirogiliya kan kewaye dunƙulen amiloyid, su matse shi, su hana shi lalata jijiyoyin da ke kusa. A 2017 masu bincike a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila suka gano wani rukuni na musamman da ke taruwa a gefen dunƙulen, wanda ba ya kammala rikiɗa sai da TREM2. Wannan ɓangaren kariya ke nan.

Ga ɗaya ɓangaren. A 2016 ɗakin binciken Beth Stevens a Boston ya nuna cewa furotin C1q yana sa wa mahaɗun jijiyoyi alama, maikirogiliya su bi su cinye, tun kafin dunƙulen ya bayyana. Wannan datsa abu ne mai amfani ga ƙwaƙwalwar yaro mai tasowa. Idan ta dawo a tsufa, ita ke cinye hanyoyin da tunani ke bi. Ai ko mai gadi ne ya ruɗe, ɓarnarsa ta fi ta ɓarawo.

Gwaji a jikin mutane

Lecanemab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2023, yana manne wa amiloyid ne don maikirogiliya su haɗiye shi. A gwajin mutum 1,795 na tsawon wata 18, ya rage saurin taɓarɓarewar tunani da kashi 27 cikin ɗari, sai dai kusan kashi 13 na waɗanda aka ba maganin sun sami kumburi a ƙwaƙwalwa. Ci gaba ne, amma ba waraka ba.

Maganin AL002, wanda aka ƙera don ya zaburar da TREM2 kai tsaye, ya gaza a mataki na biyu na gwaji a ƙarshen 2024. Ya taɓa ƙwayoyin da aka nufa, cutar kuwa ba ta sassauta ba. A ganin mai wannan nazari, hakan bai rushe hasashen cewa maikirogiliya na da hannu a cutar ba. Amiloyid yana fara taruwa shekara kusan 20 kafin alamu su fito, don haka mai yiwuwa ne an zaburar da ƙwayoyin bayan sun riga sun jigata.

Akwai kuma giɓin da ya shafi Afirka. Sauyin R47H ba kasafai ake samunsa a 'yan asalin Afirka ba, kuma wani binciken da aka yi a Ibadan da Indiyanafolis ya nuna cewa tasirin wata ƙwayar gado, APOE4, a kan haɗarin cutar ya fi rauni a tsakanin Yarabawa.

Kammalawa

Abin da ake buƙata yanzu shi ne ma'aunin da zai nuna halin da maikirogiliya ke ciki a jikin majinyaci mai rai, kafin a yanke shawarar zaburar da su ko kwantar da su. Ya wajaba kuma gwaje-gwaje masu zuwa su haɗa da majinyata daga Afirka.